Daga sha biyun rana zuwa la'asar, tsohuwar laftof ɗina ba tawa ba ce

Bara da zafi muka haɗa sola a gida, nan Rijiyar Zaki, bayan kuɗin fetur ya gagare mu tun cire tallafin da aka yi a 2023. Ba wani babban haɗi ba ne, fanel huɗu ne da inbata da batir biyu, daidai na fanka da fitilu da ƙaramin firji da kwamfutar da nake aikin zane da ita. Sati biyu da haɗawa na fara lura da wani abu da ya tsaya min a rai. Kullum wajen sha biyu da rabi in na leƙa allon inbatar sai in ga batir ya cika, lambar cajin da ke shigowa ta sauko ƙasa can, alhali rana tana nan tsaka tana dukan fanel ɗin, kuma haka za ta yi ta duka har bayan la'asar. Na kira yaron da ya haɗa mana na tambaye shi ina ragowar take tafiya, yace "Oga ai ba inda take zuwa, in batir ya ƙoshi kontirola ce ke rage abin da take ja, sai dai in ka kunna wani abu ya sha." Wallahi abin ya dame ni. Mu da muka taso ana faɗa in an bar famfo a buɗe, ga wuta ta awa huɗu kullum tana tafiya a banza a saman kwanon gidanmu, a garin da mutane ke yawo da waya a hannu suna neman inda za su sa caji.

Abu na farko da muka yi dai shi ne na maƙwabta, yanzu da rana akwai ekstenshan a zaure, duk mai son caji ya kawo. Amma waya nawa za ta sha? Ko goma aka jona bata kai komai ba. A nan ne na tuna da wani abu da na karanta lokacin kulle na korona a 2020, muna zaune a gida ba fita, ina ta yawo a intanet. Labarin wani shiri ne mai suna Folding@home, wanda wani malami Vijay Pande ya fara a jami'ar Stanford ta Amurka a shekarar 2000. Mutane ne kawai a gidajensu suke sauke wata manhaja, in basa amfani da kwamfutarsu sai ta riƙa yi wa masu bincike lissafi. Da annobar ta zo mutane suka yi ta shiga, har a watan Maris na 2020 ƙarfin kwamfutocin da aka haɗa ya wuce lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya, abin da babu wata babbar kwamfuta guda ɗaya a duniya da ta kai shi a hukumance sai a 2022, lokacin da aka kunna Frontier a Amurka. Kwamfutocin ɗalibai da na 'yan gem da na tsofaffi masu ritaya ne fa suka yi wannan. Ko na'urar PlayStation 3 irin wadda muka sani a gidajen gem an taɓa sa ta wannan aikin tun 2007. A lokacin na karanta naji daɗi na rufe, don ina wutar da zan yi da ita? Wanda ke lallaɓa caji kashi talatin ya kai shi dare ba shi da abin bayarwa.

Yanzu kuwa ga wuta, ga kuma tsohuwar laftof ɗina 'yar Beljiyom, Core i5, da na saya a Beirut Road shekarun baya, tana cikin durowa tun da na canja wata. Batirinta ya mutu amma in an jona ta tana aiki lafiya lau.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake, don duk wanda na gaya wa tambayarsa ta farko ita ce wai me kwamfutar take yi ne takamaimai. Mai bincike yana da wani lissafi mai girman gaske, wanda in kwamfuta ɗaya za ta yi sai ta shekara ɗaruruwa, kuma ba shi da kuɗin hayar babbar na'ura. Sai ya daddatsa aikin ƙanana-ƙanana, kamar yadda ake raba kunya-kunya a ranar gayya, kowa a nuna masa tasa. Manhajar da ke kan kwamfutarka ta ɗauko guntu ɗaya ta intanet, ta zauna ta yi ta lissafi na wasu awanni ba tare da tana buƙatar data ba, in ta gama ta mayar da amsa ta karɓo wani. A shirye-shirye da yawa guntu ɗaya ana tura shi ga kwamfuta biyu daban, in amsarsu ta zo ɗaya a karɓa, in ta saɓa a tura wa ta uku, saboda kar wata na'ura mai matsala ko wani mai ha'inci ya ɓata sakamako. Abin da ya fi yi min daɗi a matsayina na ɗan Kano shi ne manhajar tana ajiye inda ta tsaya lokaci-lokaci, ko an kashe kwamfutar ba shiri gobe in an kunna daga kusa da wurin za ta ci gaba, ba sai ta koma farko ba. Sai dai kowane guntu yana da ranar da ake son a dawo da shi, in ka wuce a ba wani.

Wadda na sa ni ita ce BOINC, daga jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, David Anderson ne ya jagoranci yin ta a 2002. Ita ba bincike ɗaya ba ce, kamar tasha ce, kana shiga ka zaɓi motar da za ka hau. Asalinta daga SETI@home ne, wanda aka fara a watan Mayun 1999, ana raba wa mutane bayanan da babban faifan sauraron sama na Arecibo a Puerto Rico ya naɗo daga sararin samaniya, ana neman ko akwai wata alamar saƙo daga wasu halittu. Sama da mutum miliyan 5 suka shiga, aka shekara 21 ana yi, suka daina raba aiki a ƙarshen Maris na 2020, kuma ba a samu saƙon ba. Na faɗi wannan ne da gangan don kar wani ya shiga da tunanin kowane lissafi yana ƙarewa da albishir. Amma hanyar da suka share ita kowa ke bi yanzu. A kanta Einstein@Home yake, wanda a 2010 kwamfutocin wasu mata da miji a jihar Iowa da wani mutum a Jamus suka gano wani sabon tauraro mai juyawa da sauri da babu wanda ya san da shi. A kanta Rosetta@home yake, na ɗakin binciken David Baker a jami'ar Washington, mutumin da ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024 kan aikin furotin. Akwai ma masu neman manyan lambobin da basa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, su nasu shirin daban ne, GIMPS, tun 1996 suke yi, a Oktoban 2024 suka samo wata mai tsawon lambobi sama da miliyan 41.

Duk waɗannan na karanta sun burge ni, amma gaskiya ba taurari ko lambobi ne suka sa na ciro laftof daga durowa ba. Maleriya ce.

Daminar da ta wuce autarmu, shekararta uku, ta kwana biyu da zazzaɓi, mun ba ta magani muna cewa zai sauka, daren na uku wajen ƙarfe biyu jikinta ya fara karkarwa idonta ya juye. Babarta ta goya ta muka fita ba ko takalmin kirki, wani maƙwabcinmu mai adaidaita Allah ya saka masa da alheri shi ya kai mu asibiti. Ba zan manta ɗakin yaran nan ba, gado ɗaya yara biyu, uwaye a tsaye suna riƙe da ledar ƙarin ruwa, kowa ka tambaya me ke damun naka sai yace maka maleriya. Tamu ta tashi alhamdulillahi bayan kwana huɗu da allurai. Wata mata da muke gefe ɗaya da ita bata koma gida da nata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗa cewa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duk duniya a Najeriya suke, kuma mafi yawan waɗanda take kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Mu ba sai an kawo mana alƙaluma ba, duk Agusta da Satumba muna gani da idonmu. Kuma ƙwayar cutar wayo gare ta. Kulorokwin da iyayenmu suka sani ta daina ji, shi yasa aka koma haɗin ACT, mai ɗauke da maganin artemisinin, a ƙasar nan a 2005, yanzu kuma a Ruwanda da Yuganda an fara ganin ƙwayoyin da shi ma artemisinin ɗin baya saurin kashe su. Kenan neman sabon magani ba abin da za a taɓa dainawa ba ne.

To a cikin BOINC ɗin nan akwai World Community Grid, wanda kamfanin IBM ya kafa a 2004, daga baya a 2022 ya koma hannun cibiyar bincike ta Krembil da ke Toronto a Kanada. Da na duba jerin ayyukan da suka taɓa yi sai na ga kamar da mu ake magana. Daga 2011 zuwa 2013 sun yi wani mai suna GO Fight Against Malaria tare da cibiyar Scripps, sun yi na ƙanjamau, sun yi na Ibola da ta ɓarke a 2014, sun yi na tarin TB tare da jami'ar Nottingham ta Ingila, a 2019 kuma suka fara wani tare da jami'ar Delft ta Holan na kwaikwayon yadda ruwan sama ke sauka a Afirka kudu da Sahara, don a inganta hasashen damina ga ƙananan manoma. Duk wanda ke da dangi a ƙauye da suka taɓa yin shuka ruwa ya ɗauke ya san darajar wannan. Tun kafin nasu na maleriya ma akwai malariacontrol.net na wata cibiyar cututtukan ƙasashe masu zafi a Suwizalan, su lissafin yadda cutar ke yaɗuwa suka yi, da abin da gidan sauro ko rigakafi zai iya ragewa. Da yawa daga cikin waɗannan sun kammala an rufe, kuma abin da ya taɓa ni shi ne mutanen da suka yi wannan lissafin akasarinsu suna ƙasashen da sauron maleriya bai taɓa cizonsu ba. Wani yana can cikin sanyi ya bar kwamfutarsa a kunne shekara biyu saboda cutar da ke kashe 'ya'yanmu, da kuɗin wutarsa, bai san mu ba.

Yadda neman maganin yake a kwamfuta kuwa, ka ɗauka kwaɗo ne da makullai. Ƙwayar cuta tana da wani furotin da bata rayuwa sai da shi, shi ne kwaɗon. Masu bincike suna da siffofin sinadarai miliyoyi, su ne makullan. Gwada kowanne a ɗakin gwaji kuɗi ne da shekaru, sai a sa kwamfuta ta riƙa ɗaukar kowane makulli tana juya shi ta kowace fuska tana auna ko zai zauna daram a ramin kwaɗon ya toshe shi. Daga miliyoyi a tace a fitar da 'yan kaɗan da suka fi alama, su ne za a saya a gwada da hannu. Kwamfuta bata haɗa magani, tankaɗe take yi. Kuma daga tankaɗen zuwa ƙwayar da za a sayar a kemis tafiya ce ta shekaru, da yawa a hanya suke faɗuwa. Na san da haka na shiga.

Ranar da na fara, Hajiya ta shigo ta tarar da laftof a kan tebur fankarta tana ƙara ba kowa a gabanta. Tace "Kai wannan abar fa wa ya bar ta a kunne?" Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ta saurara tsaf sannan tace "To nawa suke biyanka?" Nace Hajiya ko sisi, maki kawai suke rubuta maka a shafi, baya sayen komai. Ta ɗan yi shiru tace "To in dai don marasa lafiya ne Allah ya karɓa, amma ka tabbata ba irin abin nan na 'yan danne-danne ba ne." Ƙanina ma da ya ji cewa ya yi "Yaya ai mainin ne wannan, yaushe za ta fashe?" Ban ga laifinsu ba, shekarun nan Kano ta ga mainin kala-kala, kowa da waya a hannu yana jiran ranar fashewa. Wannan babu ranar fashewa, babu koyin ɗin kirifto, babu wanda za ka gayyato a ƙara maka wani abu. Duk wanda yace maka ka biya kuɗin rajista ko ya turo maka manhajar ta WhatsApp to ka guje shi, daga shafinsu na asali kawai ake saukewa kuma kyauta ne.

Sai maganar zafi, wadda ita ce na sha wahalarta. Bayanan da ke intanet yawanci mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta, wasunsu ma murna suke kwamfutar na ɗumama musu ɗaki. Mu nan a Afrilu inuwa ma tana haura digiri 40. Satin farko na bar ta tana aiki da dukkan ƙarfinta, rana ta uku da azahar na dawo na tarar ta mutu, ƙasanta ba ya taɓuwa. Na kai ta wajen mai gyara a Beirut Road, ya kwance bayanta a gabana ya sa ɗan tsinke ya zaro wani abu daga bakin fanka kamar auduga, baƙi ƙirin, ƙurar hunturun shekara da shekaru ce ta dunƙule ta toshe inda iska ke fita. Ya hure, ya goge tsohon man da ke kan firosesa wanda ya bushe ya zama kamar alli, ya shafa sabo. Yace "Alhaji wannan ba lalacewa tayi ba, kashe kanta tayi don kar ta ƙone." Da na dawo sai na shiga saitin manhajar na rage, na ce ta yi amfani da rabin ƙwaƙwalen firosesa kawai, na ɗora ta a kan murafen kwalba huɗu iska na shiga ta ƙasa, na ajiye ta a ɗakin da ya fi sanyi ƙasan fanka. Tun daga nan bata sake mutuwa ba. A tsakiyar bazara nakan ƙara ragewa, da damina da hunturu in ɗan ƙara mata.

A saitin akwai wurin sa lokaci, ni na sa daga sha biyu zuwa huɗu da rabi, daidai lokacin rarar. Akwai wurin cewa ta tsaya in kwamfuta na kan batir, ta tsaya in mutum ya taɓa ta, akwai na iyakance datar da za ta ci. Wannan na ƙarshen ku kula da shi, wasu ayyukan guntayensu ƙanana ne, wasu kuwa musamman na yanayi da na taurari fayil ɗinsu manya ne, in data ɗinka ta wata-wata ce kana lissafinta to ka duba kafin ka zaɓa. Na gwada ta a tsohuwar wayar Android ma, a can sai waya na jone kuma cajinta ya kusa cika take farawa, in batir ya ɗau zafi ta tsaya da kanta, to a zafin Kano kusan kullum a tsaye take, sai na cire. Ban ba kowa shawarar ya wahalar da wayar da yake lallaɓawa ba.

Na ari ɗan mitar nan da ake sokawa a soket na auna, laftof ɗin tana cin wajen wat 35 in tana aikin. A awa huɗu da rabi bai kai kashi ɗaya cikin shida na yunit ba. Ko ga wanda ke Band A, da aka kai musu yunit naira 225 a Afrilun 2024, ba wani kuɗi ne mai yawa ba a rana, amma babbar kwamfutar tebur mai katin gem tana iya cin ninkin wannan sau takwas ko goma, nan kam lissafi ya canja. Ra'ayina a nan a fili yake. Kar wanda ya tada janareto saboda wannan, kar wanda ya zuƙe batirin da iyalinsa za su kwana da fanka da shi, kuma kar wanda ya je ya sa a kwamfutocin ofis ko na makaranta ko na kafe ba da izinin masu su ba, wannan cin amana ne ko da niyyar mai kyau ce. Rara ake bayarwa, abin da in ba a bayar ba zubewa zai yi. Kuma rarar nan tana da yawa a garin nan yanzu, ka hau bene a Hotoro ko Sharaɗa ko Kabuga ka kalli saman kwanuka ka ƙirga fanel, kusan duk gidan da ka gani batirinsa ya cika kafin azahar, kuma a gidaje da yawa akwai tsohuwar laftof ta wani ɗalibi da ya gama makaranta tana kwance.

Wani lokaci aiki yana yankewa, ka kunna ka tarar shirin da ka zaɓa ba shi da guntun da zai ba ka, kwana biyu ko sati. Shi yasa na haɗa guda uku, in wannan ya yi shiru wancan ya ba ta. A yanzu abin da ta fi samu shi ne na binciken alamomin cutar kansa, sai na taurari in babu. Ba na maleriya ba ne, na sani, amma ina nan a layi, ranar da aka buɗe wani na maleriya ko na sikila ko na damina laftof ɗin tana jone.

Jiya bayan azahar na shiga ɗakin na tarar da autar tamu ta ja kujera ta hau, ta sa haɓa a kan tebur tana kallon layin nan da ke nuna inda aiki ya kai, yana kan kashi 71. Tace "Abba me take yi?" Nace aiki take yi wa masu neman magani. Tace "Irin wanda aka min allura?" Nace irinsa. Ta miƙa hannu za ta danna, na riƙe hannun nace a bar ta sai la'asar, muka fito na ja ƙofar, na bar fankar sama a kunne.